Tambayar da Inna Zalika Ba Ta Yi Ba

Duk wanda ya taɓa hawa mota a tashar Gaya ya san Inna Zalika, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar dattijuwar nan mai zama a gindin dogon yaro, dab da inda ake ɗaure kaya, da faranti a gabanta: lemun tsami, busasshiyar citta, kanumfari ƙulli-ƙulli, tsamiya, sai baƙar leda a ninke gefe guda saboda wanda abin ya fi ƙarfinsa. Ƴan tasha na ce mata Mai Maganin Amai. A gida kuwa Inna kowa ya tashi ya ji ana cewa.

Sana'ar ta samo asali tun ranar da aka kawo ta amarya daga Zabori. A bayan wata tsohuwar mota aka ɗora ta, tsakanin buhunan gero da daurin rake, kuma tun ba a bar gonakin garinsu ba cikinta ya juya. Ta yi amai har zanen amarcin ya ɓaci, ƙawayenta suna dariya suna kare ta da mayafi. Wata tsohuwa da ke cikin motar ce ta yanka lemu da farce ta miƙo mata, ta ce, “Shaƙa, ki tsotsa, ki kuma kalli nesa. Kada ki kalli ƙafarki.” Da aka sauke ta a Gaya, ta taka ƙasa ta yi rantsuwa ita da mota har abada. Ta kuwa riƙe rantsuwar. Ko biki aka yi a Bengu, sai dai ta bi amalanken jaki, ta isa bayan an cinye tuwo.

Da mai gidanta ya rasu ya bar ta da yara, abin da ya wahalar da ita shi ya zama abincinta. Ta ɗauki faranti ta fito tasha.

Amma ba lemun ne ya yi mata suna ba, lemu ko'ina akwai shi. Tambayoyinta ne. A shekarar da amai da gudawa suka shigo gari, wani manjo, babban ma'aikacin jinya na likita, wato asibiti, ya tara matan kasuwa ya koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari, ya kuma ce musu amai ba cuta guda ba ce, baki ne da cututtuka da yawa suke magana da shi. Wannan magana ta zauna wa Inna Zalika. Tun daga nan ba ta miƙa wa kowa ko ɓawon lemu sai ta titsiye shi. Tun yaushe? Me ka ci? Jikinka da zafi? Ka sha wata ƙwaya cikinka ba komai? Idan mace ce, sai ta sassauta murya ta tambayi watanta. Daga nan sai ta gangaro kan waɗanda mutane ba sa so: yaushe rabonka da bayan gida, iska na fita, ina ke ciwo, nuna mini da hannunka.

Mai aman mota, lemu da citta da kujerar gaba. Mai laulayi, ta ci kaɗan-kaɗan, kada ta bar ciki wayam, ta nisanci ƙaurin mai. Wanda ya ci kifin da ya kwana, ruwan gishiri da sukari, kurɓi-kurɓi, ba kwankwaɗa ba. Wanda jikinsa ya yi zafi, ko yaron da idonsa ya faɗa, ko mai aman jini, ba ta sayar musu da komai. “Tashi, ba nawa ba ne. Je ka likita a duba ka.”

Ba ta jin nauyin kowa a nan. An taɓa ganin ta tsare wani jandarma, ƙato, da bindigarsa, tana tambayar sa ko iska na fita. Mutumin ya dubi hagu ya dubi dama, ya ce a hankali, “Tana fita, Inna.” Ƙawarta Kadi, Badandiya mai sayar da banda kifi a gefenta, ta yi dariya ranar har ta kifar da kwandonta, kuma ta yi shekaru tana ba da labarin.

Abu guda ne ta gada daga iyayenta da manjo bai taɓo ba, ita ma ba ta taɓa zaton yana da gyara ba. A Zabori, idan mai masassara ya yi ta amai har ya kai ga kawo ruwa mai ɗaci, rawaya ko kore, sai tsofaffi su yi hamdala, su ce maɗaciya ta zubar, cutar ta karye. Har a dafa masa ganyen dogon yaro ya sha don sauran ya fito.

To, Inna Zalika tana da ƴar fari, Nasiba. Kamar yadda ta ga an yi mata, haka ta yi: ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, ba ta yabon ta gaban mutane, sai dai “waccan.” Mijin Nasiba kuwa, Yazidu, kunyarsa ta ninka. Ba ta faɗin sunansa, ba ta cin abinci inda yake, ba ta haɗa ido da shi. Idan ya zo gaisuwa sai ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa can nesa, ita kuma ta juya gefe ta amsa wa bango. “Yaron nan” take ce masa. Kuma duk cikin surukanta babu wanda take ƙauna kamarsa, domin maraya ne, danginsa suna can nesa, kuma bai taɓa dawowa daga tafiya hannu rabbana ba.

Direban kamiyo ne, babbar mota mai ɗauko kaya daga Kwatano. Da aka rufe gadar kan iyaka, motoci suka yi layi suka mutu a tsaye, sai Yazidu ya ajiye makulli ya gangara bakin gulbi, inda jirage ke ƙetaro da kaya daga Malanbil. Ya shiga dako. Mutumin da ya saba da sitiyari ya koma ɗaukar buhun shinkafa daga cikin laka zuwa tudu, daga safe har rana ta yi sanyi. Abokinsa Alassan, wani mai jirgi mutumin Tunuga, shi ya sama masa wurin.

Ana cikin haka Nasiba ta haihu, haihuwar fari, aka dawo da ita gida wanka. Yazidu ya zauna shi kaɗai a ɗakin hayarsu, ana aika masa da abinci.

Wata safiya bayan suna ya zo gaisuwa. Inna Zalika tana gaban murhu tana iza wutar ruwan wanka. Ya durƙusa, suka gaisa, ta amsa wa tukunya. Da zai miƙe sai ya tsaya a rabi. Ta wutsiyar ido ta ga ya ciji leɓe, ya kai hannu ƙasan cibiya ta gefen dama, ya danna wani abu ta cikin riga kamar mai mayar da toshiyar tulu, sannan ya ƙarasa miƙewa. Ba ta buƙaci a gaya mata ba. Ƙanen mai gidanta ya yi fama da ƙaba, haka yake yi.

Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta. A ranta ta ce za ta gaya wa Kadi, Kadi ta gaya wa Alassan, Alassan ya ce masa ya je a duba shi. Amma da ta isa tasha ta buɗe baki, sai ta ji harshenta ya yi nauyi. Da wane baki za ta ce ta ga inda surukinta ya kai hannu? Ai sai a ce, to me ya kai idonki can? Ta ce gobe. Goben ta zo ta wuce, ta haifi wata.

Ranar da labarin ya iso mata, wajen hantsi, Alassan ya zo tasha wandonsa jiƙe har gwiwa.

“Inna, mutumin naki fa tun jiya yake kelaya amai. Yana cikin ɗaukar buhu ya ajiye, ya ce cikinsa ya murɗa. Yau ko fita bai yi ba.”

Bakinta ya kama aikinsa da kansa. “Me ya ci?”

“Garin rogo da kifi, tare muka ci.”

“Kai ba ka yi ba?”

“Ni ko gezau. Cikin masunci ai tukunyar ƙarfe ne.”

“Jikin da zafi?”

“Ɗan ɗumi-ɗumi dai.”

Tambaya ta gaba ta taso har maƙogwaronta. Ƴan kamasho biyu suna zaune a benci suna sauraro, Kadi tana kaɗa wa kifinta ƙuda, kowa ya san wanda ake magana a kai. Ta haɗiye ta. Ta ce damina ce, sauro ya yi yawa, palu ce, zazzaɓin sauro, ke son kama shi. Ta ƙulla lemu da citta, ta kuma ce Alassan ya tsaya wurin mai tebur ya sayi ƙwayar nan ƙarama mai tsayar da amai, wadda ita kanta takan hana mutane sha barkatai.

Da la'asar Alassan ya biyo yana murmushi. “Hannunki da albarka, Inna. Aman ya tsaya, har ya yi barci.” Ta ce alhamdu lillahi, ta kuma yarda da shi da sauri, irin saurin wanda yake son a yi masa ƙarya.

Washegari aman ya dawo. Ta dama kunun tsamiya ta ɗauka da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tafi har ƙofar ɗakin. A nan ta tsaya, bayan labule. Alassan ya fito.

“Ka ce masa ya jiki.”

Kafin Alassan ya juya, murya ta fito daga ciki, siririya, da ƙarar tabarma kamar mai ƙoƙarin tashi zaune. “Da sauƙi, Inna. Kin wahalar da kanki.”

“Ka ce masa ya kwanta. Kawo mini abin da ya yi in gani.”

Alassan ya fito da roba. Ruwa ne kore shar, kamar an jiƙa ganyen lalo. Inna Zalika ta duba, ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, ta riƙe shi da hannu biyu. “Madalla. Maɗaciya ce ta zubar. Cutar ta karye.” Ta ce a dafa dogon yaro a ba shi sauran ya fito.

Tana juyawa ta ji nishi daga bayan labulen, irin wanda ake dannewa da haƙori. Ƙafarta ta tsaya. Tsakaninta da shi yadi ne kawai, tsohon zanen atamfa mai hoton kaji, wanda da hannunta ta saya wa Nasiba cikin kayan ɗaki. Tambayar kalma kaɗan ce. Ta yi wa jandarma, ta yi wa alhazai, ta yi wa limamin Bengu. Ta tsaya tana kallon kajin nan har Alassan ya ce, “Inna, ko akwai wani abu?” Ta ce babu, ta sa takalminta ta tafi.

A gida Nasiba tana zaune a gadon jego da jariri a cinya. Ita ma kunyar ce ta hana ta tambaya kai tsaye, sai ta dubi jaririn ta ce, “Ko ya jikin babanka, oho.”

Inna Zalika ta dubi tulu ta ce, “Da sauƙi.”

Kwana ya sake. Da safe a tasha ta ba wata mata canjin da ba nata ba, ta yanka lemu ta yanki yatsa. Kadi tana kallon ta.

“Fofo, sannu, Mai Magani. Yau hankalin yana Zabori ne?”

“Bar ni, Kadi.”

“Ba zan bar ki ba. Surukin naki fa? Kin yi masa tambayoyin nan naki na rashin kunya?”

Inna Zalika ta sunkuya tana jera lemu.

“Zalika. Ke da kika sa jandarma ya yi ikirari gaban jama'a?”

“Wannan daban. Mijin waccan ne.”

“Mijin waccan ba shi da hanji? Ku Hausawa da kunyarku! Mutum na ci da wuta, ku tsaya neman mayafi. In ba za ki iya ba, gaya mini abin da zan tambaya, ni in je. Ni ba uwar matarsa ba ce, ko wando zan sa ya tuɓe.”

Nan ma da ta faɗa, da an rage wani abu. Ta ce, “An ce da sauƙi.”

Rana ba ta kai tsaka ba babur ɗin kabu-kabu ya tsaya a gabansu da ƙura, Alassan ya diro tun bai gama tsayawa ba. Babu wasa a fuskarsa.

“Inna, cikin nan ya kumbura kamar ganga. Ko ruwa ya sha sai ya dawo. Kuma aman yanzu...” Ya dubi mutane, ya rage murya. “Wari yake irin na bayan gida.”

Ta bar farantin a buɗe, ta bar takalmi ɗaya a gindin dogon yaro. Waɗanda suka gan ta ranar sun ce ba su taɓa sanin tana iya gudu ba.

Ba ta tsaya a labulen ba. Ta yaye shi har ƙusar ta fita. Yazidu yana kwance a kan tabarma ya naɗe kamar jinjiri, idanunsa sun zurma, leɓensa ya bushe ya tsage. Da ya ga wadda ta shigo sai ya fara lalubar zane zai rufe jikinsa, yana yunƙurin durƙusawa.

“Yazidu.”

Sunan ya fito mata baƙo, kamar ta ɗauko shi daga bakin wani. Shi ma ya daskare.

“Yazidu, dube ni. Yaushe rabonka da bayan gida?”

Ya sunkuyar da kai. “Tun ranar da abin ya fara.”

“Iska?”

Ya girgiza kai.

“Kullutun nan da kake dannawa ya koma, ko ya ƙi?”

Ya ɗago ido, karo na farko tun da ya auri ƴarta ya dube ta sosai. Babu fushi a ciki, babu zargi, mamaki ne kawai irin na yaro.

“Ashe kin sani, Inna?”

Ta ce wa Alassan, “Duba.” Alassan ya ɗaga rigar. Abin yana nan a matsematsi, ya kai ƙwan agwagwa, ya yi tauri, fatar ta yi ja, ko iska ta taɓa shi sai Yazidu ya zabura. Ya ce tun da ya fara dako yake fitowa yana mayar da shi, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, wannan karon ne ya ƙi komawa. Bai gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa, ya ce, alhali a gidan surukai ake dafa masa abinci?

A likita wani manjo mai suna Idrisa ya karɓe su. Ya fara tambaya, Inna Zalika tana tsaye tana jin tambayoyinta suna fitowa daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ta haɗiye. Ya taɓa cikin, ya duba kullutun, ya kira a kawo ƙarin ruwa.

“Wane magani ya sha?”

Alassan ya buɗe baki zai rufa mata asiri, ta riga shi. “Ni na ba shi. Lemu, da citta, da ƙwayar tsayar da amai, da dogon yaro. Na ga aman kore, na ce cutar ce ke fita.”

Manjo bai ɗaga murya ba. Yana ɗaura wa Yazidu robar ruwa yake magana. “Inna, amai ɗan aike ne. Wani lokaci saƙon ƙarami ne, mota ce ko abinci ko laulayi, sai a lallashe shi ya tafi. Wani lokaci kuma babba ne, in kika kori ɗan aiken, saƙon yana nan. Hanjinsa ne ya leƙo ta ƙabar ya maƙale, hanya ta toshe. Abin da ya kamata ya gangara shi yake hawowa, shi ne koren da kika gani. Mai palu yana iya kawo ɗaci don cikinsa ba komai, gaskiya ne. Amma kore da kumburin ciki, ba bayan gida, ba iska, wannan ba na jira ba ne. Daga yanzu ko ɗigon ruwa kada a ba shi ta baki.”

Aka zura masa siririyar roba ta hanci har ciki, koren ruwa ya dinga gangarowa cikin leda. Manjo ya ce aiki za a yi masa, kuma yadda hanjin ya jima a shaƙe, gara a kai shi Doso yau ɗin nan. Mutum ɗaya ne zai bi ambilans.

Nasiba tana cikin wanka. Alassan ya dubi Inna Zalika, domin duk Gaya an san rantsuwarta, ya fara cewa bari ya nemo wanda zai bar wa jirgi. Kafin ya ƙarasa ta tattare zane ta hau.

Hanyar nan ta yi shekaru tana sallamar mutane a kanta, ba ta taɓa ganin ta ba. Ranar ma ba ta gan ta ba. Ta san dokar, ita ke koya wa mutane: kalli nesa. Amma bayan motar babu nesa, sai fuskar Yazidu da ledar ruwa tana lilo. Tun ba a wuce shingen duwan, na ƴan kwastan, ba cikinta ya juya. Ta zaro baƙar leda daga ƙugunta, ta juya kai ta yi abin da za ta yi a hankali, ta ƙulle, ta goge baki da gefen mayafi, ta koma ta riƙe masa hannun da aka sa wa allura don kada gargada ta fizge. Haka ta yi ta yi har hanya ta ƙare. A wani wuri ya buɗe ido, da roba a hancinsa, ya motsa leɓe. Ta sunkuya.

“Sannu, Inna,” ya ce. “Ba ki zo da lemu ba?”

Tana da shi, guda ɗaya, a ƙulle a bakin zane. Ba ta kwance ba. A ganinta ba ta cancanci sauƙin ba.

An shiga da shi ɗakin aiki kafin magariba. Da lokotoro, wanda ya yi masa aikin, ya fito ya ce an yi nasara, sai dai wani yanki na hanjin ya riga ya mutu, sun yanke shi sun haɗa sauran. Ya nuna tsawon da hannunsa, daga yatsa zuwa gwiwar hannu. Ta tambaye shi, don ba ta iya bari ba, in da an kawo shi ranar da ya fara fa? Ya ce da mayar da shi kawai za a yi a ɗinke wurin. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin farashin gero, ya wuce wurin wani maras lafiya.

Yazidu ya rayu. Ya dawo Gaya rigarsa tana yawo a jikinsa. Ɗinkin ya yi ruwa ya daɗe bai kame ba, aka hana shi ɗaukar duk abin da ya fi buta nauyi, dako ya ƙare. Cikinsa bai koma daidai ba har yau, abu kaɗan sai ya ɓata shi. Yanzu rake yake yankawa a bakin gulbi, a inuwar rumfar da Alassan ya kafa masa, yana kallon wasu suna ɗaukar buhunan.

Gari kuwa ya ɗauki labarin ta inda ya fi daɗi. Ana cewa Mai Maganin Amai ta yaye labulen surukinta, ta karya rantsuwar mota, ta ceci ransa. Mata suna zuwa yi mata barka. Shi kansa Yazidu haka yake faɗa wa kowa, kuma da gaske yake. Bai taɓa maimaita tambayar da ya yi mata a kan tabarma ba, ko sau ɗaya. Da ya maimaita, da wataƙila ta samu inda za ta ajiye ta. Idan aka fara yabon a gabanta sai ta ce, “Ku bari,” a ɗauka kawaici ne. Kadi kaɗai ce ba ta taɓa yi mata barka ba, ba ta kuma ƙara ba da labarin jandarma ba.

Ganyen dogon yaro ya bar bakinta. A tasha, duk wanda ya ce mata amansa kore ne, ba ta barin sa ya ƙarasa zama, da kanta take tsayar masa da kabu-kabu.

Ranar da Yazidu ya fara iya takowa gaisuwa, ta ji sallamarsa tun daga zaure. Kafin ya gama tuɓe takalmi ta jawo kujerar roba ta dasa a tsakar gida, daidai inda ya saba durƙusawa. Ya shigo ya ga kujera, ya ga Nasiba tana leƙe daga ɗaki da yaro a kafaɗa, ya rasa yadda zai yi.

“Haba, Inna. A gabanki?”

“Zauna. Ɗinki ne a jikinka.”

“Mutane za su ce ba ni da tarbiyya.”

“Su zo su gaya mini.”

Ya zauna a bakin kujerar, rabi a kai rabi a iska, hannuwansa a kan gwiwa. Ita kuma ba ta juya wa bango ba. Ta zauna a kan turmi tana fuskantar sa, tana duban wuyan rigar da ya yi masa yawa, da ƙashin da ya fito a kafaɗar da take ɗaukar buhu. Shi yana kallon ƙasa, kunya kamar ta kashe shi. Ita ma haka. Ta daure.

“Yazidu,” ta ce, “me ka ci yau?”

Ya faɗa.

“Ya zauna?”

“Ya zauna, Inna.”

Ta ja numfashi, ta yi tambaya ta gaba.